Rijiyar Unguwa, Amanar Wa Ce?

Ga tambaya: matar da ta wanke randarta tas ta rufe, amma ta ga yara na bahaya kusa da rijiyar unguwa ta yi shiru, shin ta sauke nauyi a wajen Allah?

Ni dai a fahimtata ba ta sauke ba. Ruwan da ke randarta daga rijiyar nan ya fito. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa ruwa na cikin abubuwan da Musulmi suka yi tarayya a kansu, kuma ya hana biyan bukata a mashayar jama'a. To, abin da kowa ke da rabo a ciki, kiyaye shi farilla ce ta kifaya. Idan kowa ya ce ba ruwana, alhakin ya hau kan unguwa baki ɗaya.

Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Ƙwayar cutar daga kashin mara lafiya take fitowa, ruwan damina ya kwashe ta zuwa rijiya ko gulbi, lafiyayye ya sha. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili. Alhamdulillahi, amma shaidar gwamnati ba za ta rufe mana rijiya a Zandam ba.

Wata za ta ce, "Malama, ai muna cikin kulle, wannan aikin maza ne da hukuma." Gaskiya ne, haƙa da gyaran famfo nasu ne. Amma wa ke aiken yaro ɗiban ruwa? Wa ke ba shi gugan da ya kwana a ƙasa cikin kashin awaki? Wa ke zubar da ruwan wankin tsumman jariri?

Don haka mu fara daga Islamiyyarmu. A samu guga ɗaya na rijiya, a rataye shi. A yi murfi da dakali. Mu roƙi mazajenmu su kai maganar masallaci da ƙofar mai unguwa, kada a haƙa masai kusa da rijiya. Yadda muke zubin adashin biki, mu ware wani abu don gyaran famfo, kada ya lalace a koma shan kududdufi.

Sayyidina Usman (RA) da dukiyarsa ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta ga Musulmi a Madina. Mu ba mu da kuɗin sayen rijiya, amma muna iya tsare wadda muke da ita. Allah Ya ba mu iko, amin.