Waƙar Wa Ce?

A 1956, farkon tashen kiɗan rok a Amurka, wani baƙar fata mai suna Otis Blackwell ya rubuta waƙar "Don't Be Cruel". Elvis Presley ya rera ta, duniya ta ɗauka, aka liƙa sunan Elvis cikin marubutanta. Blackwell ya amince, ya kuma samu kuɗi.

To, amincewar mabuƙaci tana wanke ƙarya? Ana iya raba riba, amma wanda ya tsara baiti shi ya tsara shi. Mu ma nan Zuru, jarumin fim mai motsa baki muke yaba wa, mu manta da mai waƙar. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. In waƙa ta burge ka, tambayi wanda ya rubuta ta. Ambaton sunansa haƙƙinsa ne.