Wa ke sallama?

Tambayar da nake so mu duba tare ƙarama ce a baki. Idan wanda ba ka sani ba ya kira ka a salula, ya yi maka sallama, ya gaishe ka da ladabi, amma zuciyarka ta raya maka macuci ne, laifi ne ka katse masa waya? Na san wasu za su ce wannan ma har abin rubutu ne? Samarin fadarmu ta Bagalam tuni suka yanke nasu hukuncin: a katse kawai. Amma duk wanda ya taɓa ganin yadda iyayenmu ke amsa gaisuwar wanda ba su taɓa gani ba a waya, har da ɗan rusunawa kamar yana gabansu, ya san maganar ba ta ƙare a nan ba. Malamai sun koya mana cewa yin sallama sunna ne, amsa ta kuwa wajibi. A gida kuma an koya mana cewa ba a tsinke wa mutum magana a baki. Ɗan damfara ya san waɗannan darussa biyu kamar yadda muka san su, kuma da su yake cin abinci.

Bari in fara da abin da gaisuwa take yi, tunda nan ne karatuna ya fi ƙarfi. A 1923 Bronislaw Malinowski ya lura cewa akwai maganar da ba don ba da labari ake yin ta ba, don ɗaura zumunci ake yin ta. Bahaushe ba ya bukatar Bature ya gaya masa haka. "Ina kwana?" ba tambaya ba ce ta gaske, shi ya sa ko wanda ya kwana da zazzaɓi yake cewa "lahiya lau". Ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya sanyi: kowane ɗaya shaida ce cewa na gan ka, na ɗauke ka mutum, kuma ba da sharri na zo ba. To amma wannan gaisuwar a ƙofar gida ta girma, kuma ƙofar gida tana da tsarinta. Baƙo ya tsaya a waje ya yi sallama. Yaro ya leƙo, ya koma ya ce wai ana sallama da mai gida. Mai gida ya ce, "Je ka ce wane ne?" Baƙo ya faɗi sunansa, in bai isa ba ya faɗi na ubansa ko na unguwarsu. Sannan a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ban taɓa jin baƙon da ya yi fushi don an tambaye shi ko wane ne ba. Kafin a kai ga "ina gajiya", maƙwabta sun ga fuskarsa, yaro ya ga babur ɗinsa, an san ta inda ya ɓullo. Idan ya yi ƙarya, akwai inda za a same shi.

Waya ta juya wannan tsari. Wani masani ɗan Amurka, Emanuel Schegloff, ya yi nazarin kiraye-kirayen waya wajen 500, ya fitar da sakamakon a 1968. Abin da ya lura da shi kowa ya sani amma ba kowa ya tsaya ya duba ba: a waya, wanda aka kira ne yake fara magana. Ƙarar wayar ita ce ƙwanƙwasa ƙofa, "alo" ɗinka ita ce amsa. Wato mai gida ne ke fara buɗe baki, tun bai san wa ke ƙofa ba. Ba yaron aike, ba zaure, ba maƙwabcin da zai ce "wannan ai ban san shi ba". Murya ta shigo har tsakar ɗaki, har bakin gado, ta tarar da kai da dukan ladabin da aka koya maka don baƙon da ya riga ya bi ta zaure.

Damfarar waya iri biyu ce a wurina, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko kowa ya san ta: wai lambarka ta ci tambola, ka ci babur ko miliyan, sai dai ka turo kuɗin takardu, ko ka faɗi lambar sirrinka a "gyara" maka asusu. Wannan kwaɗayi take nema, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Hausawa sun gama magana tun da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ta biyun ce ke hana ni barci. Saƙo ya shigo da Faransanci, an tsara shi kamar na kamfanin aika kuɗi, wai an zuba maka kaza. Minti ɗaya bai cika ba waya ta yi ƙara. Haka aka yi wa gwaggona a Tibiri, mai sana'ar man gujiya da ƙuli-ƙuli, wadda ta buɗe asusun waya don ɗanta da ke ci-rani a Agadas ya riƙa yi mata aike. Mai kiran ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi gida da gajiya, sannan muryarsa ta karye: "Inna, don Allah ki yi mani rai. Kuɗɗin maganin ɗiyata na, na kuskure lamba sunka hwaɗo wurinki." Jika 15. Ba ta karanta boko, balle Faransanci. Ta kai wa wani yaro wayar, ya ce e, ga saƙo nan, an turo. Mutumin ya sake kira har sau uku, wai yana tsaye gaban mai magani. Ta tura. Sai da yamma aka duba asusun aka ga ba abin da ya shigo, nata ne suka fita.

Ku duba aikin harshe a nan. Bai ce "madam" ba, "Inna" ya ce, ya mai da kansa ɗa kafin ya roƙi komai. Bai ce "kuɗi" da "suka" ba, "kuɗɗi" da "sunka" ya ce, ya yi mata Gobiranci don ta ji na gida ne. (Ko haifaffen yankin ne ko kwaikwayo ya iya, sakamakon ɗaya ne. Masu cewa duk damfara daga ƙetaren Ɗan Isa take zuwa su lura cewa lambar mai takwas ce, irin tamu.) Kuma bai yi mata alkawarin ribar ko dala ɗaya ba. Abin da ya nema a wurinta shi ne amana: kada ta ci abin da ba nata ba. Da aka yi mata faɗa daga baya, cewa ta yi, "To da gaskiya ya faɗi fa? In ci haƙƙin marar lahiya?" Har yau ban ji wanda ya ba ta amsa mai gamsarwa ba. Wannan ita ce ainihin zamba cikin aminci. Paul Grice ya rubuta a 1975 cewa hira ba ta yiwuwa sai kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan yana ba da haɗin kai, yana faɗin abin da ya yarda gaskiya ne. Maƙaryaci ba ya rusa wannan ƙa'ida, a kanta yake tsaye. Da kowa maƙaryaci ne, da ƙarya ba ta ciyar da kowa.

Wani abokina ɗan ajinmu yana da magani mai sauƙi: lambar da ba ta cikin wayarka, kada ka ɗauka. A Faransa ko Amurka wataƙila wannan ya yi aiki. A Maraɗi fa? Garin nan da kiran baƙi yake rayuwa. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a 1986 kan alhazan Maraɗi da kasuwancinsu da Najeriya, kasuwancin da yawancinsa kan magana da yarda yake tafiya, ba kan takarda ba. Yau wannan maganar ta koma waya. Mai zogale a Jiratawa yana jiran kiran dillalin da bai taɓa ajiye lambarsa ba. Direban da motarsa ta lalace tsakanin Jibiya da Katsina wayar wani zai ara. Ɗan ci-rani a Libiya ko Aljeriya kowane wata da sabuwar lamba yake kira. Wanda ya tsinci ɗan'uwanka a gefen hanya bayan hatsarin kabu-kabu, shi ma baƙuwar lamba ce. Idan muka daina ɗauka, ɗan damfara ya yi asarar kasuwa kaɗan, mu kuwa mun yi asarar juna. Nan ne nake ganin girman laifinsa ya wuce jika 15. Gwaggona yanzu ko ɗanta ya kira da lambar aro sai ta yi jim kafin ta amsa. Kuma ranar da wani zai kuskure lamba da gaske, kuɗin maganin ɗiyarsa da gaske, zagi zai sha.

To ga inda na tsaya. Sallama a amsa ta, ko daga bakin wa ta fito, domin amsar ba ta cin ko tamma. Amma bashin da sallama ta ɗora maka ya ƙare a "wa alaikumus salam". Ba ta ɗora maka bashin yarda ba, ba ta ɗora maka bashin saurare har ƙarshe ba, balle bashin lambar sirri. Mun haɗa abubuwa biyu da kakanninmu suka raba: amsa sallama daban, shigar da mutum cikin gida daban. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya jera halayen da Hausawa ke nufi idan sun ce mutumin kirki, kuma a jerin nan hankali yana zaune kusa da kunya da amana da karamci. Wanda ya riƙe kunya ya saki hankali bai fi kowa kirki ba, rabin kirkin ya riƙe.

Zauren waya kuwa, a ganina, jinkiri ne. Abin da yaron aike yake saya wa mai gida ke nan: ɗan lokaci. "Wa ke magana? Ɗan gidan wa? Bari in duba asusuna in kira ka." Ko kuma, "Je ka ofishin kamfanin, su suka san yadda ake mai da kuɗin kuskure." Mai gaskiya zai ji zafin jiran, amma zai jira, domin kuɗinsa suna nan ba su gudu ba. Maƙaryaci ne ba ya iya jiran minti goma, shi ya sa duk maganarsa "yanzu-yanzu" ce, shi ya sa ba ya so ka ajiye wayar ka tambayi wani. Idan ka nemi jinkiri ya ƙi, ya hau rantsuwa da kuka da "ke ba ki da imani", to ya fita daga matsayin baƙo. Baƙon da aka ce ya jira a zaure ya tura ƙofa ya shigo, sunansa ya canza. A nan katse waya ba rashin ladabi ba ne, kuma ba sai ka ce "sai an jima" ba.

Masu talla lamarinsu ya fi sauƙi. Muryar da aka naɗa, wadda ke kiranka tsakar rana tana cewa danna ɗaya ka samu waƙar jiran kira, ba mutum ba ce, ba ta da haƙƙin gaisuwa a kanka, ko da ta yi sallama. (Na taɓa ganin wani tsoho yana amsa mata "lahiya lau", abin ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni haushi.) Idan kuwa yarinya ce ko saurayi aka ɗauka aiki yana karanta abin da aka rubuta masa, neman abinci yake, "na gode, ba na so" ta ishe shi, ba sai an zage shi ba. Laifin yana wurin wanda ya mai da lambarka hajar sayarwa ba da izininka ba. A Najeriya tun 2016 hukumar sadarwa ta ware lambar 2442 don mai son a daina turo masa talla. Mu nan an yi dokar kare bayanan mutum a 2017, da dokar yaƙi da laifukan intanet a Yulin 2019, sai dai ita ta biyun mun fi jin labarinta a shari'ar ƴan jarida da masu rubutu a Facebook.

Saura wasan da ake yi a fada. Ɗan damfara ya kira, a sa wayar a lasifika, wani ya maƙale murya ya zama tsohuwa, a yi ta ba shi lambar sirrin ƙarya har kiredinsa ya ƙare. Masu yi suna cewa duk mintin da ya ɓata a kanmu, wata gwaggo ce ta tsira. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ba zan ce ban yi dariya ba. Abin da ke damuna shi ne dariyar ba ta tsayawa a kan macucin. Da an ajiye waya sai hira ta koma kan "wawayen" da ake kamawa, a yi ta ba da labarin wance da wane. Wanda aka cuta yana zaune a wurin, ya yi shiru, ya sha shayinsa. Ba zai je komisariya ba, ba zai gaya wa matarsa ba, ba zai gargaɗi maƙwabcinsa ba. Gwaggona sai da ta yi sati biyu kafin ta yarda a faɗa wa matan da suke adashi tare, kuma ranar da aka faɗa, biyu daga cikinsu suka ce su ma wannan muryar ta kira su, ɗaya har ta tura jika 5 ba ta gaya wa kowa ba.