A Zazzage Buhun Mu Gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar albasa ta Aliero lokacin da kaya suka hauro daga fadama, ya san yadda ake cinikin buhu. Mai saye ba ya yarda da abin da ke bakin buhu. Na sama kullum manya ne, jajaye, ɓawonsu ya bushe yana ƙyalli. Zai ɗauki ɗaya ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci, sannan ya waiwayi mai kaya.

"Baba, a kwance ɗinkin nan a zazzage."

"Alhaji, ai kayan lafiya lau suke."

"Na yarda, Baba. A dai zazzage, hankalina ya kwanta."

Sai yaro ya juye buhun a ƙasa, albasa ta watsu, kowa ya ga ta tsakiya da ta gindi. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne fuskar mai kaya a wannan lokaci. Manomin da ya taso daga Danwarai da kaya masu tsabta ba ya ɓata rai. Shi ne ma zai durƙusa ya taya yaron bazawa, don ya san kowace albasa da ta fito shaida ce a gare shi. Wanda ya cusa ƙanana da masu ruɓaɓɓen wuya a tsakiya shi ne zai fara tada jijiyar wuya, yana cewa an raina shi, an mai da shi maƙaryaci. Mutanen kasuwa ba sa ja da shi, sun riga sun gane. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Wannan ɗabi'a tana da asali a addininmu. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ciki alhali saman busasshe ne. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tuhume shi a kan abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma yi kashedi mai tsanani a kan algus. Ba jiƙewar ce laifin ba, ruwa na iya taɓa kayan kowa. Ɓoyewar ce laifi.

To, akwai wani buhu da mu mutanen wannan yanki muke saye duk bayan shekara huɗu, wanda ya fi duk albasar Aliero tsada, amma ba mu taɓa cewa a zazzage ba. Mutumin Danwarai yana da ɗan majalisar wakilai da yake tarayya a kansa da mutanen Jega da Gwandu. Na Maiyama yana tarayya da Koko da Besse. Dukanmu kuma sanata ɗaya muke da shi, na Kebbi ta Tsakiya, kujerar da Muhammad Adamu Aliero ya fara hawa a 2007, Atiku Bagudu ya riƙe daga 2009 zuwa 2015, sannan ta koma hannun Aliero. Su ne namu a cikin sanatoci 109 da wakilai 360 da ke zama a Abuja. Da sunanmu suke magana, da kuɗinmu ake biyansu, kuma dokar da suka sa wa hannu ita ke hawa kan kuɗin taki da na man injin ban ruwa. Amma tambayi duk wanda ka ga dama a tashar Jega: kwana nawa wakilinka ya zauna a majalisa bara, kuma wane ɓangare ya bi a ƙuri'ar da ta fi muhimmanci? Ba zai iya faɗa ba, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Bakin buhu kawai ake nuna masa: rabon shinkafa da azumi, babura, kekunan ɗinki, hoto a Facebook.

A fara da abin da suke karɓa. Shekara da shekaru ana rubuta kasafin majalisar tarayya a dunƙule, layi ɗaya, naira biliyan 150 a kowace shekara daga 2011 zuwa 2014, babu bayanin inda suka shiga. Sai da ƙungiyoyin matasa irin su BudgIT da Enough is Enough suka yi ta matsa lamba, sannan a watan Mayu na 2017, lokacin Bukola Saraki yana shugaban majalisar dattawa, aka fitar da rabe-raben naira biliyan 125 na wannan shekara. An yaba, kuma ya cancanci yabo, sai dai kanun lissafi ne aka nuna, ba abin da kowane mutum ɗaya ya karɓa ya kashe ba. A watan Maris na 2018 Sanata Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya ya faɗa da bakinsa cewa ban da albashi, kowane sanata na karɓar naira miliyan 13 da rabi duk wata da sunan kuɗin tafiyar da ofis. A watan Agusta na 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai miliyan 21, a daidai lokacin da hukumar da ke yanke albashin masu muƙaman siyasa ke cewa abin da ta sani miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Kasafin majalisar kuwa a 2024 ya haura biliyan 344. Ni ba na cewa ofishin sanata ba ya cin kuɗi. Yana da ma'aikata, yana da tafiye-tafiye, mazaɓarsa ƙananan hukumomi takwas ce a nan Kebbi ta Tsakiya. Abin da ke ci mini rai shi ne sai wani daga cikinsu ya ga dama ya buɗe baki sannan mu ji, alhali ko dillali a kasuwa la'adarsa sananniya ce, a gaban mai saye da mai sayarwa ake cire ta.

Kalmar da 'yan jarida suka zaɓa wa abin da ake yi wa kasafin ƙasa ma daga kasuwa aka aro ta: cushe. A 2016 Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji, wanda ya shugabanci kwamitin kasafi na majalisar wakilai, ya zargi shugabannin majalisar da cusa ayyuka a kasafi. Aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya ce a cikin kasafin tiriliyan 28.7 akwai kusan tiriliyan 3.7 da bai ga ayyukan da aka ɗaura su a kai ba. Aka dakatar da shi na wata uku. Adalci ne a faɗi amsar da majalisar dattawa ta bayar: ta ce babu cushe, kuɗin na hukumomi ne da ake ba su kasonsu kai tsaye a dunƙule, irin su ɓangaren shari'a da hukumar zaɓe da ita kanta majalisar. Mai yiwuwa haka ne. Amma wannan amsar ita ce ainihin ciwon, domin ma'anarta akwai buhunan da aka amince a wuce da su a ɗinke. Da a kasuwar Aliero ne wani ya ce yana zargin tsakiyar buhu, ba za a kore shi daga kasuwa ba, wuƙa za a kawo a yanke zaren.

Wurin da abin ya fi damuna shi ne ƙuri'a. Mafi yawan hukuncin majalisa da murya ake yanke shi: masu goyon baya su yi ihu, masu adawa su yi ihu, shugaba ya buga guduma ya ce ɓangare kaza ya yi rinjaye. Ba a rubuta sunan kowa. Ranar 20 ga Maris, 2025, haka majalisun biyu suka amince da dokar ta-ɓaci da Shugaba Tinubu ya ƙaƙaba a Jihar Ribas, alhali sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na dukan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 da wakilai 240. Ta yaya kunne zai ƙirga mutum 240? Ko mai awon gero ba ya kallon tsibi ya ce tiya arba'in ne, sai ya auna ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shi. Kuma ba wai ba su iya ba. Ranar 15 ga Yuli, 2021, da aka zo batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya dage a kira suna. Kowane sanata ya miƙe ya faɗi matsayinsa, 52 suka bi ɓangare ɗaya, 28 suka bi ɗayan, wasu 28 ba su cikin zauren. Washegari jaridu suka buga sunayen. A ranar kowane ɗan Nijeriya mai son sani ya ga tsakiyar buhunsa. Abin da aka iya yi rana ɗaya ana iya yin sa a kan kowace babbar doka.

Akwai wani abu da ɗan kasuwa ya sani wanda nake fata 'yan majalisarmu na kirki su gane. A duk kasuwar da aka daina zazzage buhu, mai saye yakan rage kuɗi a kan kowa, don yana lissafin ruɓaɓɓen da bai gani ba. Mai algus bai yi asara ba, ya sayar da shara da kuɗin kaya. Wanda ya yi asara shi ne manomin da ya zauna ya tsince kayansa tsakani da Allah. Haka majalisa take a yau. Akwai waɗanda ke halartar zama, suna karanta ƙudurori, suna tsare amana, amma a bakin talaka duk ɓarayi ne, domin babu takardar da za ta raba su da sauran. Rufin nan ba ya kare mutuncin kowa sai na wanda ba shi da shi. A Ingila, da jaridar Daily Telegraph ta tona yadda 'yan majalisa ke cin kuɗin alawus a 2009, har kakakin majalisa Michael Martin ya sauka, maganin da suka yi shi ne kafa hukuma mai zaman kanta da ke wallafa abin da kowane ɗan majalisa ya nema aka biya shi. Majalisar ba ta rushe ba.

Manomin albasa ma haka yake yi da nasa. In ya ajiye kaya yana jiran kuɗi su tashi, a kan rudu yake zubawa, sama da ƙasa, iska na ratsawa, kuma bayan 'yan kwanaki yana zuwa ya tsince waɗanda suka fara lalacewa kafin su shafi na kusa da su. Wanda ya toshe ko'ina ya tafi, wari ne zai kira shi.

Mu kuma fa? A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. In ɗan majalisa ya zo gida, ƙofarsa na cika tun asuba, amma da takardar asibiti da katin biki da neman kuɗin makaranta. Talauci ne, ban raina mai nema ba. Sai dai wanda ya miƙa hannu da safe, da wuya ya iya buɗe baki da yamma ya nemi lissafi, kuma wasu wakilan sun fi son hakan, don buhun shinkafa ya fi amsa tambaya sauƙi. An yi shekaru ana ware naira biliyan 100 duk shekara don ayyukan mazaɓu. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Buhari ya ce an kashe kusan tiriliyan ɗaya a shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba, kuma a wannan shekarar hukumar ICPC da ta bi sawun ayyukan ta ƙwato taraktoci da kayan asibiti da ba su kai ga jama'ar da aka saya dominsu ba. Rijiyar burtsatse da aka rubuta da sunan ƙauyenku ba kyauta ba ce, kuɗinku ne, kuna da ikon sanin nawa aka ware da wanda aka ba kwangilar.

Doka ma tana bayanmu. Tun ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai. Kowa na iya neman bayani daga hukumar gwamnatin tarayya, har da majalisa, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Wanda bai iya rubutu ba, dokar ta yarda wani ya rubuta a madadinsa. Tsarin mulki ya wajabta wa kowace majalisa zama aƙalla kwana 181 a shekara, ya kuma ce wanda ya ƙi halartar fiye da kashi ɗaya cikin uku ba da uzuri ba zai iya rasa kujerarsa, don haka rajistar halarta ba sirrin kowa ba ce. Sashe na 55 ma ya ambaci Hausa cikin harsunan da za a gudanar da aikin majalisa da su in an yi tanadi. Ba mu nemi da yawa ba in mun ce wakili ya zo filin makaranta a Danwarai ko Maiyama sau biyu a shekara, ya karanta mana lissafinsa da harshen da ya roƙe mu ƙuri'a da shi, gidan rediyo ya ɗauka.

Ɗaliban jami'ar Aliero da malaman makarantunmu, ku ne masu waya da karatu. Ku nemo jerin ayyukan mazaɓa na bana, ku fassara, ku kai wa ƙungiyar manoma da limamai da masu unguwanni, a je a duba wurin da ido. Iyayenmu na kasuwa kuma, in masu neman ƙuri'a sun dawo, ku karɓe su da mutunci, ku ba su wurin zama da ruwa, sannan ku faɗa musu abin da kuke faɗa wa kowane mai kaya: mun yarda, ranka ya daɗe, amma a zazzage mu gani.