Kifin Kogi Na Kowa Ne: To Wa Ke Da Ikon Sa Masa Iyaka?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya gudanar da koguna, Ya sanya abinci a cikinsu domin wanda ya shuka da wanda bai shuka ba.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata magana da ake yawan ji a bakin masunta, tun daga madatsar ruwa ta Warwade da ke kusa da Dutse, har zuwa gaɓar Kogin Haɗejiya a ƙasar Ringim da Taura, da fadamun Jahun da Miga da Kafin Hausa. Duk sa'ad da aka ce kada a sa koma mai ƙananan idanu, ko a ɗaga wa wani tafki ƙafa har kifinsa ya girma, sai ka ji an ce ai ruwa na Allah ne, kifi na Allah ne, kuma Shi ne Ya halatta shi, to wane ne zai haramta? A ƙara da cewa tun kaka da kakanni ake su a wannan ruwa bai ƙare ba, kuma wanda ya ce zai ƙare yana shakkar taskar Ubangijinsa ne.

Wannan magana ba abar yi wa dariya ba ce, domin rabinta gaskiya ne. A aya ta 96 ta Suratul Ma'ida Allah Ya halatta farautar ruwa da abincinsa ga mazauna da matafiya. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hadisin da ya nuna cewa Musulmi sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Bisa wannan ne malamai suka ce kifin kogi ba mallakar kowa ba ne sai an kama shi, kuma haramta abin da Allah Ya halatta laifi ne babba. Saboda haka duk wanda zai sa wa masunci iyaka, dole ne ya zo da hujja.

To, mu fara da kalmar tarayya ita kanta. Idan 'yan'uwa biyar suka gaji rumbu ɗaya, kowannensu yana da haƙƙi a cikinsa, amma babu wanda haƙƙinsa ya ba shi damar kwashe hatsin duka da dare, ya ce ai shi ma magaji ne. Abin da ya zama na kowa, kowa yana da rabo ne a ciki, rabo kuwa ba ya rasa iyaka. Su wane ne abokan tarayyar masuncin Ringim? Akwai ɗan'uwansa da ke zaune a ƙasansa a Miga, da na Haɗejiya, da na Nguru da Gashuwa, waɗanda ruwa ɗaya ne yake bi ta ƙofar gidajensu. Akwai matar da take soya kifi ta ciyar da marayu. Akwai kuma jikan masuncin da ba a haifa ba tukuna, wanda ba shi da bakin da zai kai ƙara yau. Wanda ya tare kogi daga wannan gaɓa zuwa waccan da dumba, har babu kifin da zai wuce, ya ci rabon waɗannan duka, ko da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, ta hana cuta da cutarwa, ta hau kansa.

Sai batun cewa kifi ba ya ƙarewa. Lalle taskar Allah ba ta ƙarewa, amma Allah Ya ɗora arziki a kan sababi, kuma sababin kifi a ƙasarmu sananne ne. Idan damina ta kankama kogi ya cika ya tumbatsa cikin fadama, sai kifi ya bi ruwan ya shiga cikin ciyayi ya yi ƙwai. 'Ya'yan sukan girma a can inda abinci yake da yawa, sa'an nan su komo kogi da tafkuna idan ruwa ya fara janyewa da kaka. Tarwaɗa ɗaya takan zuba ƙwai dubbai, amma kaɗan ne suke kaiwa ga girma. Akwai irin karfasar da uwa take riƙe ƙwanta da ƙananan 'ya'yanta a cikin bakinta, wanda ya kama ta a wannan hali ya kama gida guda ne. Ashe kuwa kifin baɗi yana cikin cikin kifin bana, kamar yadda geron baɗi yake cikin damin da manomi ya rataye bai sussuka ba. Babu manomin da zai daka irinsa ya yi fura, sa'an nan ya ce ya dogara ga Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa ne tukuna kafin ya yi tawakkali.

Har ila yau, ruwan da kakanninmu suka yi su a cikinsa ba shi ne na yau ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, an gama ta Challawa a 1992, kuma daga waɗannan koguna biyu ne Kogin Haɗejiya yake samun ruwansa. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha, amma sun canja yadda ambaliya take malala cikin fadamun da kifi yake haihuwa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Bakunan da ake ciyarwa sun ninka. Kayan su ma sun canja: inda kaka ya yi aiki da gora da homa da ƙugiya, jika yana da taru na zaren roba wanda ba ya ruɓewa, wani ma yakan ja gidan sauro cikin ruwa ya kwaso 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Da can ana daka magimfa a zuba a ɗan kududdufi. Daga baya aka samu masu zuba maganin kashe ƙwari irin su Gammalin 20, wanda ba ya barin babba ko ƙarami, kuma ya bi kifin har cikin tukunyar mai saye.

Wanda yake ganin ruwa mai yawa ya fi ƙarfin hannun ɗan Adam, ya dubi abin da ya faru a tekun gabashin Kanada. Kusan shekara 500 ana kama wani kifi da ake kira kod a can, har ana ganin ba shi da iyaka. Da manyan jiragen su suka shigo, sai ya ragu ƙwarai, har a 1992 gwamnatin ƙasar ta rufe kamunsa, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a, kuma ba a ɗage wannan hani ba sai a 2024, shi ma da ƙayyadadden adadi. A ɗaya gefen nahiyar kuwa, Amurka da Kanada sun ƙulla yarjejeniya tun 1923 a kan wani ƙaton kifi mai faɗi da ake kira halibat, ana ƙayyade abin da za a kama kowace shekara, kuma har yau ana kama shi. A jihar Alaska, wanda ya fita da kansa kamun wannan kifi don nishaɗi ba a yarda ya wuce biyu a rana ba. Kifin salmon kuwa, wanda yake barin teku ya koma kogin da aka haife shi don ya yi ƙwai, ƙirga masu hawa kogin ake yi, a dakatar da kamu idan iri bai wuce da yawa ba. Idan teku ta iya talaucewa, ina ga tafkin da yake ƙafewa da bazara? Aya ta 41 ta Suratur Rum ta riga ta gaya mana cewa ɓarna tana bayyana a tudu da ruwa saboda aikin hannun mutane.

Yanzu mu koma ga tambayar farko: wane ne zai haramta abin da Allah Ya halatta? Amsa ita ce babu. Amma akwai bambanci tsakanin haramtawa da tsarawa. Shugaban da ya ce cin tarwaɗa haramun ne ya yi wa Allah ƙarya. Wanda ya ce kada a shiga wannan tafki sai bayan wata uku domin maslahar jama'a, bai taɓa hukuncin tarwaɗa ba, ya tsara yadda abokan tarayya za su ci moriyar abinsu ne. Wannan yana da asali a sunna. Ciyawa halal ce ga kowa, duk da haka Manzon Allah ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin sadaka da na jihadi. Wannan shi ake kira hima a littattafan fiƙihu. Ƙasar Hausa ma ta san irinsa, domin aikin Sarkin Ruwa ke nan: shi yake faɗin ranar da za a buɗe tafki da ranar da za a bar shi. Manyan kifayen da ake fitowa da su daga Matan Fada a bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, ba su yi wannan girma ba sai domin ana hana su a wurin kafin ranar biki. Dokar Tarayya mai lamba 108 ta 1992, wadda ta shafi kamun kifi a koguna da tafkuna, ta hana amfani da guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon koma. Wannan duka a kan wancan tafarki yake.

Amma fa akwai wani gefe mai nauyi, wanda masu rubuta doka sukan manta da shi. Mutumin da yake jan gidan sauro cikin ruwa, sau da yawa ba mugunta ce ta kai shi ba, yunwar 'ya'yansa ce. Idan aka ce ya bar kifin yau domin baɗi, zai tambaya me za a ci da daren nan. Ga yadda Sayyidina Umar ya warware wannan, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Sahihul Buhari. Da ya naɗa baransa Hunayyu mai kula da hima, sai ya gargaɗe shi da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tsare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, idan dabbobin waɗannan attajirai suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa 'ya'yansa zai riƙo ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Ku duba, manyan sahabbai biyu aka tsare, aka buɗe wa wanda ba a san sunansa ba.

Saboda haka iyakar da shari'a take yarda da ita ita ce wadda take farawa daga kan mai ƙarfi. Idan ma'aikaci ya ƙwace komar talaka ya ƙone, ya kau da kai daga mai kuɗin da ya sayi tafki sukutum ya sa injin ban-ruwa ya tsotse shi ƙaf ya kwashe har gaiwar da ke cikin laka, to wannan ba hima ba ce, zalunci ne da hatimin hukuma. Haka nan wanda ya karɓi na goro ya bar mai guba ya wuce. Wajibi ne ga hukuma, idan ta rufe ruwa, ta sanar a kan lokaci, ta shawarci sarakunan ruwa da dattawan masunta, ta taimaka wa marasa hali su sami koma mai idon da doka ta yarda da shi, kuma ta tuna da masunci a yayin da ake shawarar sakin ruwa daga madatsu. Ko a wajen niyya ma ba ɗaya ba ne: Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa farautar da aka yi don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. Mai neman abincin iyali yana gaba da mai neman nishaɗi.

Saura hujja ɗaya, ita ce ta fi kama zuciya. Mutum zai ce, idan na saki wannan ƙaramin kifi, wani ne zai kama shi gobe, to me na ƙara? Wannan tunani ne yake ƙarar da kowane abin tarayya, domin kowa yana fakewa da kowa. Musulmi kuwa ba a tambayarsa abin da ke cikin komar maƙwabcinsa, tasa za a buɗe. Kuma mu tuna da mutanen garin nan na bakin teku da aka ba da labarinsu a Suratul A'araf daga aya ta 163, waɗanda aka hana su kamun kifi ran Asabar, sai kifin ya riƙa fitowa fili a ranar. Malaman tafsiri sun ce dabara suka yi, su kafa tarko kafin Asabar su kwashe bayanta. Haninsu na Allah ne kai tsaye, namu kuwa tsarin maslaha ne, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Amma jarrabawar iri ɗaya ce: ga abinci a gaban ido, ga iyaka, ga dabara mai sauƙi, kuma babu mai gani sai Allah. Waɗanda aka ambata da tsira a cikin labarin su ne waɗanda suka yi magana suka hana.

Mu da ba masunta ba ma muna da namu kaso. Muddin ana rububin sayen 'ya'yan kifi a kasuwar Shuwarin da sauran kasuwanni don sun fi araha, ba za a daina kamo su ba. Wanda ya sayar da kifin da guba ta kashe, ya haɗa algus da cutar da rayuka, kuma wanda ya sani ya yi shiru ya taya shi. Limamai a garuruwan bakin ruwa su sa wannan a huɗuba kafin damina ta faɗi, domin masunci zai fi jin maganar limaminsa a kan takardar da aka liƙa a sakatariya.

Allah Ya sa wa ruwayenmu albarka, Ya wadata masuntanmu da halal, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin mai ƙarfi da mai rauni, Ya sa mu bar wa 'ya'yanmu abin da iyayenmu suka bar mana.