Sawun Keke A Kan Dusar Ƙanƙara: A Wuce Ko A Juya?

Mai karatu, ka yi mini haƙuri in ɗauke ka zuwa ƙasa mai nisa, domin a can ne tambayar da nake son mu tattauna ta fi fitowa fili. A birnin Miniyafolis na jihar Minesota ta ƙasar Amurka akwai wani makeken wurin shaƙatawa mai suna Theodore Wirth, wanda faɗinsa ya haura eka 700. Idan hunturu ya kankama, musamman a watan Janairu, ma'aunin zafi kan wuni ya kwana a ƙasa da sifiri, dusar ƙanƙara ta lulluɓe itatuwa da hanyoyi fari fat. Duk da haka mutanen garin ba su ƙunshe kansu a ɗaka ba. Wasu su fito wasan zamiya da sandunansu, wasu su taka da ƙafa, wasu kuwa su hau keke.

Kekunan nan iri biyu ne suka shafe mu. Akwai keken burji, mai kama da na tsere, wanda aka ƙera domin hanyoyin burji da tsakuwa, faɗin tayarsa tsakanin milimita 35 da 50. Akwai kuma mai ƙatuwar taya, kusan milimita 100, irin wanda kamfanin Surly na jihar ya fito da shi a 2005 da sunan Pugsley. Ƙatuwar taya, idan aka rage mata iska, takan baza nauyin mahayi ta bi saman dusar salin-alin. Siririya kuwa yanka ta take yi kamar wuƙa.

Ita dusar, idan ta zubo sabuwa, laushi gare ta kamar gari. Sai an bi ta da inji an daddaɓe, sannan a bar sanyi ya ƙanƙarar da ita kafin ta hawu. A wurare da dama masu aikin sa-kai ne ke yin wannan daɓe, sau tari da dare, sa'ad da kowa ke cikin bargo. Idan rana ta ɗan yi ɗumi daɓen ya saki, siririyar taya ta bi ta tsaga kwari, dare na yi kwarin ya daskare tamkar ƙarfe, kamar dai yadda babbar mota kan bar hanyar laka da damina. Wanda ya biyo baya da safe, tayarsa ta gaba ta faɗa ciki, ta kayar da shi. Shi ya sa mahaya a can suke da wata ƙa'ida: idan sawunka ya kai zurfin inci guda, ka juya.

To, ga mutum ya yi mako guda cur yana ɗokin ranar Asabar. Ya rufe fuska, ya sa safar hannu, ya tako keken burjinsa tun daga gida. Ya shiga hanyar, ya ɗan taɓa tafiya, ya waiwaya, sai ya ga sawunsa ya nutse. Babu mai gadi, babu mai kallo. Ya wuce ko ya juya?

Zuciyarsa ba za ta rasa hujja ba. Ta farko: wurin na jama'a ne, shi ma yana biyan haraji. Gaskiya ne, amma abin da yake na kowa, kowa na da hakkin ya same shi da kyau, har wanda bai iso ba tukuna. Rabonsa a hanyar nan shi ne ya bi ta ya bar ta ta biyu. Idan ya cinye wannan, ya haɗa da rabon wasu.

Hujja ta biyu: sawun mutum ɗaya me zai ɓata? Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace daɗin ji, ita ce kuma ta fi ɓarna, domin kowane ɗaya daga cikin mutum ashirin da za su zo ranar yana iya faɗinta, kuma bai yi ƙarya ba. Amma kafin la'asar hanyar ta zama kunya-kunya kamar gona. Hujjar da ba ta tsayuwa sai idan kai kaɗai ka riƙe ta, alfarma ce kake nema wa kanka a asirce.

Ta uku ita ce mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Keke mai ƙatuwar taya kuɗi ne, ba kowa ke iya ajiye keke biyu ba. Ashe ke nan ƙa'idar ta buɗe wa mai hali hanya ta rufe wa marar hali? Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai ƙa'idar zurfin sawu take dubawa, mai ƙatuwar taya ma idan ya nutse dole ya juya. Sannan marar hali bai rasa mafita ba. Yana iya sammako sa'ad da daɓen ke da tauri, a inda aka yarda a hau irin kekensa, ko ya bi hanyoyin kwalta na gefen tafkunan birnin da hukuma ke share wa dusa. Idan kuwa rabon bai yi masa adalci ba, gaban hukuma zai kai kuka. Ɗan'uwansa da zai kife a kwarin gobe ba shi ya tsara rabon ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda dusar ke nuna wa mutum aikinsa nan take. Galibin ɓarnar da muke yi wa juna a zaman duniya ba ta barin alama. Mai tsallake layi, da mai zuba shara a kwata, da mai cin bashi ya ƙi biya har a daina ba wa na bayansa, duk sukan wuce ba su ga wanda suka cuta ba. Mai keken nan kuwa waiwaye ɗaya ya ishe shi. Ba shi da damar cewa bai sani ba, saboda haka abin da ya yi bayan waiwayen shi ne halinsa na ainihi.

Mun saba yabon wanda ya kutsa, ya jure sanyi, ya kai inda ya nufa. Ba mu cika yabon wanda ya sauka ya tura kekensa ya koma gida ba, domin ba ya dawowa da labari. Alhali kuwa ya yi asarar Asabar ɗinsa saboda mutanen da bai sani ba, waɗanda ba za su taɓa sanin an yi musu alheri ba, balle su gode. Ni a ganina ya juya. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara, kuma daren da zai daskarar da kwarin shi ne zai ƙanƙarar masa da daɓen idan ya haƙura zuwa wayewar gari.