Mai Dokar Barci: Alkawari da Rububin Ɗaukar Mataimakan Alƙalai a Amurka

Gabatarwa

Hausawa na cewa alkawari kaya ne. Sai dai abin da karin maganar bai fayyace mana ba shi ne, shin kayan nan yana nan a kan mutum ko da abokan tafiyarsa duk sun sauke nasu a bakin hanya? Wannan ita ce tambayar da muke son mu yi tsokaci a kanta a wannan maƙala. Domin kada maganar ta tsaya a iska, mun zaɓi mu ɗora ta a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci wa masana shari'a na Amurka tuwo a ƙwarya, wato yadda ɗaliban lauya suke neman aikin taimaka wa alƙalan kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya, da yadda su alƙalan suke rububin ɗaukar su.

Aikin da Ake Nema

Amurka tana da kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya guda 13, masu kujerun alƙalai 179. Shugaban ƙasa ne yake zaɓen alƙalan, Majalisar Dattawa ta tabbatar da su, kuma ba su da wa'adin sauka. Kowane alƙali yakan ɗauki matasa uku ko huɗu da suka kammala karatun lauya, su yi aiki da shi na shekara ɗaya a galibi. Aikin nasu ya wuce na akawu, ya fi kusa da na muhuti a kotunan alƙalanmu na da: su ne masu karanta takardun ƙara, su binciko hukunce-hukuncen baya, su tattauna da alƙali, sau da yawa ma su rubuta daftarin farko na hukunci. Al'adar ta samo asali ne daga Horace Gray, wanda ya fara ɗaukar irin wannan mataimaki a 1875 yana babban alƙalin jihar Massachusetts, yana biyan sa daga aljihunsa, sannan ya tafi da al'adar Kotun Ƙoli a 1882.

Albashin aikin bai kai na manyan kamfanonin lauyoyi ba, amma ƙofa ce da ke buɗe ƙofofi. Kusan duk wanda zai taimaka wa alƙalin Kotun Ƙoli sai ya fara bi ta hannun alƙalin ɗaukaka ƙara. Alal misali, John Roberts ya yi aiki da Henry Friendly kafin William Rehnquist, Elena Kagan ta yi da Abner Mikva kafin Thurgood Marshall, ita kuwa Ketanji Brown Jackson ta yi da Bruce Selya kafin Stephen Breyer. Dukkansu uku sun zama alƙalan Kotun Ƙoli. Saboda haka idan ɗalibi ya tattara takardar tarihinsa da sakamakon jarrabawarsa da samfurin rubutunsa da wasiƙun shaida na malamansa ya aika wa alƙalai da dama, ya san cewa wata amsa guda tana iya juya akalar rayuwarsa baki ɗaya.

Rububi da Dokokin da Suka Rushe

Karatun lauya a Amurka shekara uku ne bayan digiri na farko. Hankali zai ba mu cewa a jira ɗalibi ya kusa gamawa kafin a auna shi. Amma da yake kowane alƙali yana son ya riga ɗan'uwansa kama ɗalibi mafi hazaƙa, sai lokacin ɗauka ya riƙa ja da baya, har aka kai ana ɗaukar yaro a kan sakamakon shekararsa ta farko, domin aikin da ba zai fara ba sai bayan shekara biyu ko fiye. Abin ya yi kama da na yara a gindin mangwaro: kowa ya san nunanne ya fi daɗi, amma kowa yana tsoron in ya jira wani zai tsinke, daga ƙarshe duk su ci ɗanye.

Alƙalan ba su jahilci cutar ba. A 1993 babban taronsu na ƙasa ya ba da shawarar kada a gana da ɗalibai kafin 1 ga Maris na shekararsu ta biyu, amma zuwa 1998 aka yi watsi da shawarar saboda yawan masu ƙetare ta. A 2003 aka sake ƙulla wani shiri, cewa a jira sai farkon shekara ta uku. A 2005 aka buɗe wata kafa ta intanet mai suna OSCAR domin karɓar takardun nema. Duk da haka shirin ya riƙa zagwanyewa, har kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta janye daga cikinsa a 2013, ya kuma mutu a 2014. A 2018 wasu shugabannin kotuna, ciki har da Merrick Garland da Diane Wood, suka fito da sabon shiri: a jira watan Yuni bayan shekara ta biyu, a kuma ba ɗalibi sa'o'i 48 ya yi tunani kafin ya ba da amsa. Shi ma wannan na ganin dama ne, ba dole a cikinsa.

Sharaɗin sa'o'in nan yana da dalili. Masana huɗu, Christopher Avery da Christine Jolls da alƙali Richard Posner da Alvin Roth (wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012), sun yi nazarin wannan kasuwa a 2001, suka sake a 2007. Daga cikin abubuwan da ɗalibai suka shaida musu akwai labarin wanda ya shiga jirgin sama na tafiyar minti 35, da ya sauka ya tarar da saƙon murya uku daga alƙali guda: na farko tayin aiki, na biyu a hanzarta amsawa, na uku an janye tayin. Mai dokar barci ke nan ya ɓuge da gyangyaɗi, domin waɗannan su ne mutanen da al'umma ta ɗora wa nauyin tilasta wa jama'a cika yarjejeniya.

Hujjar Mai Saɓawa

Adalci ya wajabta mana mu saurari ɗaya ɓangaren. A 1991 alƙali Alex Kozinski ya rubuta maƙala a mujallar shari'a ta Yale inda ya fito fili ya kare ƙin bin irin waɗannan ƙa'idoji. Hujjojin masu wannan ra'ayi ba na yarwa ba ne. Na farko, ƙa'idar da ta tara kowa a rana ɗaya tana fifita alƙalan manyan birane kamar New York da Washington, inda ɗalibi zai iya ganawa da alƙalai da yawa a wuni guda, alhali alƙalin da ke wata jiha mai nisa ba shi da makami sai sammako. Na biyu, wanda bai taɓa sa hannu ba, ba a ce ya saɓa alkawari. Na uku, kuma mafi nauyi, ita ce hujjar da Thomas Hobbes ya kafa tun 1651, cewa yarjejeniyar da ba ta da mai tilasta ta ba ta da ƙarfin kare kowa, kuma wanda ya cika nasa ɓangaren shi kaɗai ya miƙa wuyansa ne ga wanda bai cika ba. A taƙaice, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mun yarda da hujja ta biyu ba tare da jayayya ba. Alƙalin da ya ce tun farko ba ya ciki ya fi mana wanda ya amsa da baki, sannan ya zagaya ta bayan gida ya buga wa wani farfesa waya. Na farko ana iya yi masa gardama, na biyu kuwa ha'inci ya yi. Hujja ta farko ma tana da ƙamshin gaskiya, sai dai gyara ƙa'idar take nema, ba ta halatta wulaƙanta ɗalibi ba. Inda muka rabu da su shi ne hujja ta uku.

Wa Ake Bin Bashin Alkawarin?

Hujjar Hobbes tana aiki ne idan alkawari tsakanin mutum biyu ne, kowa yana riƙe da amfanin ɗan'uwansa. In ka ƙi kawo hatsi, ba laifi in na ƙi kawo kuɗi. Amma alkawarin da muke magana a kai, ko da yake alƙalai ne suka ƙulla shi a tsakaninsu, ba domin kansu kaɗai suka ƙulla ba. Akwai na uku wanda ba ya wurin da aka zauna, kuma shi ne zai sha wuya in aka warware, wato ɗalibi. Idan mutum biyu suka yi alkawarin kula da maraya, ɗaya ya gudu, gudun nasa bai sauke wa ɗayan nauyi ba, sai ma ƙara masa da ya yi. A ganinmu, saɓawar wani tana sauke mana abin da shi mai saɓawar yake bin mu ne kawai, ba ta taɓa abin da wani na dabam yake bin mu.

Bugu da ƙari, ya kamata mu auna abin da kowa zai rasa. Alƙalin da ya yi haƙuri ya jira yana iya rasa ɗalibin da ya zo na ɗaya, ya sami wanda ya zo na biyar, kuma ba mu ga yadda shari'a za ta lalace saboda wannan ba. Kujerarsa ta har abada ce, ba mai sauke shi don mataimakinsa bai fito daga Harvard ko Yale ba. Ɗalibi kuwa ana tilasta masa ya yanke shawarar shekara guda ta rayuwarsa a cikin 'yan mintoci, ba tare da ya san halin wanda zai yi wa aiki ba. Wanda cika alkawari ba zai ci masa komai ba sai ɗan abin alfahari, bai kamata ya fake da hujjar wanda ke tsoron halaka ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Duk lokacin da aka yi sammakon ɗauka, shaidar da ke hannu takan yi ƙaranci, sai a koma dogaro da sunan makaranta da maganar manya. Ɗalibin da ya shigo da sanin hanya, wanda tun makon farko ya san ƙofar farfesan da zai ƙwanƙwasa, shi zai ci riba. Wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, wanda sai a shekara ta biyu ƙafarsa za ta tsaya, kafin ya farga an raba naman. Gaggawar da ake yi da sunan neman cancanta ita ce take toshe hanyar gano ta.

Malami da Ɗalibi

Kada a ɗauka muna cewa sa bakin malami laifi ne. Ruth Bader Ginsburg tana cikin waɗanda suka zo na ɗaya a ajinsu a Columbia a 1959, amma Felix Frankfurter na Kotun Ƙoli ya ƙi ɗaukar ta saboda mace ce. Malaminta Gerald Gunther ne ya tsaya kai da fata har alƙali Edmund Palmieri na wata kotun tarayya a New York ya ɗauke ta, kuma a 1993 ta hau kujerar Kotun Ƙoli. Sa baki ne ya buɗe ƙofar da son zuciya ya rufe. Ma'aunin da muke gani shi ne: malami yana ba da shaidar abin da idonsa ya gani ne, ko kuwa yana cinikin ɗalibansa ne domin sunansa ya ɗaukaka a wurin manya? Na farko mai shaida ne, na biyu dillali.

Shi kuwa ɗalibin da ya karɓi tayin da ya zo kafin lokaci, ba mu ga dalilin tsananta masa ba. Ba shi ya kafa dokar ba, ba shi ya rushe ta ba, kuma ba a neman mai rauni ya biya bashin da mai ƙarfi ya ƙi biya. Abin da muke ji masa shi ne darasin da ya koya a ranar farko, cewa doka tana hawa kan wanda ba shi da ikon ƙetare ta ne kawai, kuma ba a ce wa babba a'a. Irin wannan darasi yana da tsada. A Disamban 2017 Kozinski ya ajiye aiki bayan wasu mata, ciki har da tsofaffin mataimakansa, sun zarge shi da cin zarafi, wasunsu bayan shekaru suna shiru. Ba mu ce rububin ɗauka ne ya haifi wannan ba. Muna cewa ne dangantakar da aka fara ta da nuna wa yaro cewa ba shi da ta cewa, da wuya ta ba shi bakin magana ranar da magana ta zama dole.

Kammalawa

Amsarmu ga tambayar da muka buɗe da ita ita ce, alkawari yana sauka daga kan mutum idan wanda aka yi domin shi ne ya warware shi. Idan kuwa an yi shi ne domin kare wani mai rauni, to yawan masu saɓawa ba ya rage masa nauyi ko kaɗan. Mun san wannan matsayi ba ya gyara kasuwa, domin alƙali guda mai haƙuri ba zai hana sauran sammako ba. Amma tambayar yadda za a gyara tsari dabam take da tambayar abin da ya wajaba a kan mutum kafin a gyara shi.

Ko da yake labarin na Amurka ne, mu malaman jami'a ba baƙi ba ne a cikinsa. Duk ƙarshen zango ɗalibai suna tsayawa a ƙofar ofisoshinmu suna neman wasiƙar shaida, kuma mun san yadda alƙalami yake gudu idan ɗan wani ne, yake nauyi idan ba a san uban yaro ba. Mun kuma san sau nawa muka kafa ranar rufe karɓar takardu, sannan muka buɗe taga ga wanda aka yi mana waya a kansa, muna cewa ai kowa haka yake yi. Ɗalibin da ya kawo nasa a kan lokaci, ya koma ɗakin kwanansa yana jiran sakamako, shi ne yake bin mu bashin wannan alkawari, kuma shi bai saɓa mana ba.