JININ BUDAFES A WUYAN WA YA KE?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ina so in ɗauko wata tsohuwar mas'ala wadda ba ta rabuwa da zaurukanmu, watau in mai mulki ya yi zalunci, shin haƙuri ya fi ko tashi tsaye? Dattijo ya kan ce haƙuri, saurayi ya ce tashi, kowa ya koma gida da nasa. Na ga gardamar ba ta ƙarewa domin a sama a ke yinta, ba a aza ta kan wani abu da ya auku. Saboda haka zan ba ku labarin abin da ya sami ƙasar Hangari a shekarar 1956, sa'an nan mu ɗora shi a mizani tare.

Hangari ƙasa ce a tsakiyar Turai, babban birninta Budafes, kogin Danub ya ratsa shi. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojan Rasha da su ka kori Jamusawa daga can ba su koma gida ba. A ƙarƙashin inuwarsu 'yan Kwaminis su ka yi ta ture sauran jam'iyyu ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 1949 mulki duka ya koma hannunsu. Shugabansu Matyas Rakosi ya kafa 'yan sandan ciki waɗanda a ke kira AVH. Aka riƙa ɗauke mutane da dare, aka tilasta wa manoma miƙa amfanin gonarsu ga hukuma har a kan share musu rumbu. Ko 'yan jam'iyyar ba su tsira ba, gama a 1949 aka rataye Laszlo Rajk, ɗaya daga cikin manyansu, bisa laifin da aka ƙaga masa.

Sitalin ya mutu a 1953. A Fabrairun 1956 magajinsa Kurushef ya tona waɗansu daga cikin munanan ayyukansa, mutane su ka fara samun bakin magana. Ran 23 ga Oktoba 1956 ɗaliban Budafes su ka fito da buƙatu 16, ciki har da janye sojan Rasha, da zaɓe na gaskiya, da mai da Imre Nagy kan mulki, wani ɗan Kwaminis mai sassauci wanda ya taɓa riƙe gwamnati daga 1953 zuwa 1955. Kafin magariba jama'ar gari ta cika tituna. Su ka kayar da ƙaton gunkin Sitalin, ba abin da ya rage a kan dakalinsa sai takalma. Waɗansu su ka tafi gidan rediyo don a karanta buƙatunsu, nan 'yan AVH su ka buɗe musu wuta. Daga wannan dare roƙo ya zama yaƙi.

Kashegari tankokin Rasha su ka shigo birni, aka kuma naɗa Nagy. Ran 25 aka harbe jama'a masu yawa a filin gaban majalisa. Amma leburori da 'yan makaranta su ka tsaya a lunguna da kwalaben fetur, waɗansu sojan Hangari su ka koma wajensu, har ran 28 aka tsai da wuta, tankoki su ka fice daga birni. Ran 1 ga Nuwamba Nagy ya yi shela ƙasarsa ta fita daga ƙawancen soja na Waso, ta zama 'yar ba-ruwanmu, ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya mata. Da asubahin 4 ga Nuwamba Rashawa su ka komo da rundunar da ta fi ta farko nesa. Cikin mako guda aka murƙushe kome. Mutanen Hangari wajen 2,500 su ka mutu, sojan Rasha wajen 700, mutum wajen 200,000 su ka tsere, yawancinsu ta iyakar Ostiriya. Aka ɗora Janos Kadar, ya yi mulki har 1988.

To, ga labari. Yanzu dattijo zai ce, "Kun gani? An zubar da jini, an watsa iyalai, mulkin da aka so kayarwa ya ƙara shekara talatin da 'yan kai. Da sun yi haƙuri fa?" Wannan magana ba ta wasa ba ce, kada saurayi ya yi mata dariya. Malaman fikihu da dama sun daɗe suna gargaɗi a kan fito-na-fito da mai mulki, dalilinsu kuwa shi ne ba a gusar da ɓarna da ɓarnar da ta fi ta girma, kuma wanda ba shi da iko kada ya jefa jama'a cikin abin da ba zai iya fisshe su ba. In an auna da iko kaɗai, ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan goma ba ta da abin ja da Rasha.

Amma akwai abu biyu da zan roƙi dattijo ya duba. Na fari, mutanen nan ba da bindiga su ka fito ba, da takarda su ka fito. Faɗin gaskiya a gaban mai mulki ba shi ne fitina ba. Wanda ya amsa takarda da harsashi shi ya buɗe ƙofar fitina, ba a kuwa ɗauki laifin mai harbi a aza wa wanda aka harba don kawai ya fito. Na biyu, in za a ƙirga ɓarnar tashi, lalle a ƙirga ɓarnar shiru. Jinin da ya zuba a titi kowa ya gan shi, an ɗauki hotonsa, an san adadinsa. Wanda ya zuba a ɗakunan AVH shekara da shekaru ba mai gani, don haka sai mu kan manta mu sa shi cikin lissafi, mu kira wannan hali zaman lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Mu da ba mu kwana muna sauraren tsayawar mota a ƙofar gida ba, bai kamata mu yi saurin cewa tura ba ta kai bango ba.

Kada kuma saurayi ya yi murna tukuna, don ba zan wanke masu tashin sarai ba. Ran 30 ga Oktoba jama'a su ka kewaye ofishin jam'iyyar Kwaminis na Budafes. Da masu tsaronsa su ka gaza, waɗansunsu su ka fito da farar tuta, waɗansu da hannu a sama, aka harbe su, aka yi wa gawarwaki wulaƙanci. A cikinsu akwai samarin da aikin soja na tilas ya kai su can. Wanda aka zalunta yana da haƙƙi, amma haƙƙin nan bai kai ga kashe wanda ya ajiye makami ba. Hotunan wannan rana kuwa su ne Kadar da Rashawa su ka yi ta nuna wa duniya daga baya suna cewa ga irin mutanen da su ka tashi. Ɓarnar yini ɗaya ta zama abin da aka daɗe ana shafa wa dubban da hannunsu ya ke tsab.

Duk da haka, mafi nauyin kaya yana kan wanda ya zo da tankoki, kuma abin da ya fi tankokin muni a wurina shi ne yaudarar da ta tafo tare da su. Ran 3 ga Nuwamba da dare Rashawa su ka gayyaci ministan tsaro Pal Maleter zuwa sansaninsu na Tokol don a ƙarasa shawarar janye soja. Yana zaune a teburin shawara aka kama shi. Nagy kuwa ya fake a ofishin jakadan Yugosilabiya. Gwamnatin Kadar ta ba da takarda a rubuce cewa shi da mutanensa su koma gidajensu lafiya. Ran 22 ga Nuwamba su ka fito su ka shiga mota, Rashawa su ka tare ta, aka wuce da su Rumaniya. Ran 16 ga Yuni 1958 aka rataye Nagy da Maleter bayan shari'ar ɓoye. Nagy ya ƙi neman ahuwa.

Duk wanda ya karanta babin amana ya san manzo ba a taɓa shi, wanda aka ba aminci kuma ya zama haram ko da abokin gaba ne. Hikimar wannan a fili ta ke. Yaƙi duk tsawonsa a kan tabarmar sulhu ya ke ƙarewa, wanda ya kama baƙonsa a kan tabarmar nan kuwa ya koya wa kowa cewa zuwa shawara wauta ce, gobe in shi kansa ya nemi sulhu ba mai zuwa. Ramuwar ma ba ta tsaya kan manya ba. An ɗaure dubbai, an rataye fiye da 200. A cikinsu akwai Peter Mansfeld, wanda ya ke ɗan shekara 15 lokacin tashin, aka kama shi a 1958, aka rataye shi ran 21 ga Maris 1959, kwana 11 bayan ya cika 18.

Saura mutum na uku, wanda ba a cika ambatonsa ba, watau mai zuga. Shekaru kafin 1956 manyan Amurka suna ta maganar 'yanto ƙasashen da Rasha ta danne. Akwai gidan rediyo a Munik ta Jamus, Radio Free Europe, da kuɗin Amurka ya ke aiki, yana magana da mutanen Hangari cikin harshensu. A kwanakin tashin waɗansu shirye-shiryensa sun ƙarfafa wa mutane su ci gaba da faɗa, har da koya musu dabarun tare tanka, kuma masu saurare da yawa sun fahimci cewa taimako yana tafe. Ba wanda ya zo. Amurka tana shirin zaɓenta na 6 ga Nuwamba. Ingila da Faransa kuwa a wannan makon su ke ruwan bama-bamai a Masar saboda mashigin Suwez, bayan Isra'ila ta fara kai hari ran 29 ga Oktoba. Laifi tudu ne, su ka taka nasu suna hango na Rasha.

In wani ya ce, "Ai da Amurka ta shiga da an yi yaƙin atom, duniya ta ƙone," sai mu ce gaskiyarka, ba ma kuwa zarginta don ba ta zo ba. Abin zargi shi ne barin mutane su zaci za a zo alhali ba a da niyyar zuwa. Wannan shi ne ingiza mai kantu ruwa. Yaron da ya ƙara kwana uku a bayan shinge domin ya ji a rediyo kamar ana tafe, wani kaso na jininsa yana kan mai maganar, ko da mai maganar bai taɓa riƙe bindiga ba.

To, ashe sun yi asara ke nan? Mu kan ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ga shi kuwa igiya ta ci wuyan Nagy. Aka binne shi rub da ciki, da sunan wani, a wani lungun maƙabarta, aka hana ambatonsa. Shekara 31 bayan haka aka tono shi, ran 16 ga Yuni 1989 aka yi masa jana'iza a gaban taron dubban ɗaruruwa. Ran 6 ga Yuli na wannan shekara kotun ƙoli ta wanke shi, a ranar kuma Kadar ya mutu. Ran 23 ga Oktoba 1989 aka yi shelar sabuwar jamhuriya, a 1991 sojan Rasha na ƙarshe su ka fita. Ba na cewa wannan ya biya diyyar kowa. Uwar Mansfeld ba a mai da mata ɗanta ba, samarin 1956 kuwa ba su san da 1989 ba sa'ad da su ka fito, don haka ba za mu auna aikinsu da abin da ya ɓoyu gare su ba. Abin da ya bayyana kaɗai shi ne mulkin da ya ci su da tanka ya kasa sa a manta da su.

Abin da na tsinta cikin wannan ga shi. Tambayar haƙuri ko tashi ba ta da amsa guda wadda za ta dace da kowane zamani, sai an dubi girman zaluncin, da iko, da hanyoyin da su ka rage. Amma akwai abubuwan da ba su canjawa ko ta wane gefe mutum ya tsaya. Ba a amsa roƙo da wuta, ba a kashe wanda ya miƙa wuya, ba a cin amanar wanda aka ba aminci, ba a kuma tura wani inda ba za a bi shi ba. Saurayi, in an zuga ka, dubi ƙafar mai zugar, ka ga ko ya sa takalmin tafiya. Dattijo, in za ka ce a yi haƙuri, to, kai ka ɗauki kukan yaran ka kai gaban mai iko, don haƙurin da babu mai magana a madadinsa ba ya daɗewa. Wannan ya shafi ƙasa, ya shafi unguwa, ya shafi gida.

Wanda ya ga kuskure cikin maganata, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya kiyashe mu da zalunci, ko mu yi ko a yi mana. Wassalam.